Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da rana ta ƙi faɗuwa

Makon jiya mun tsaya inda biza ta fito, Yaya ya aiko mini da tikiti daga Amurka. Watan Disamba ne na 2016, hunturu ya kankama a Damagaram.

Daren da zan tafi, Inna ta zaunar da ni a tsakar gidanmu na Birni. Ta ce, "Auta, wai Niyok ɗin nan ta fi Makka nisa?" Na ce, "Inna, ta fi, nesa ba kusa ba. Har teku za mu ƙetare." Ta yi jim, sannan ta ce, "To a ina mai tuƙin zai tsaya ku yi salla?" Ƙannen babana suka yi ta dariya. Ni ma na yi, ban san tambayar za ta biyo ni har sama ba.

Da asuba kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi. Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi, Dosso, ba mu shiga Yamai ba sai bayan magariba. Kilomita kusan 900 ke nan, kuma duk tafiyar ba inda na jigata kamar nan.

Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Paris kilomita wajen 3,900 ne, awa biyar da rabi. Dare ne, barci na yi, ban ga Sahara ba balle Bahar Rum.

Jirgi na biyu shi ne labari. Tsakanin Paris da Niyok akwai kilomita kusan 5,800, awa takwas, mafi yawanta bisa tekun Atilantika. A gaban kujerata akwai ɗan allo mai nuna taswira, na ƙura masa ido. Abin da ya fara ɗaure mini kai, maimakon mu miƙe yamma sai na ga mun karkata arewa, ta kan Ingila da Ayilan, daga can aka nufi gabar Kanada. Na taɓa wani dattijo ɗan Mali da ke gefena, na ce, "Baba, anya ba mu ɓata ba?" Ya ɗauki lemon da ke hannunsa, ya ja layi da farce. Ya ce duniya dunƙulalliya ce, hanyar da ka ga ta lanƙwashe a takarda ita ce gajera.

Allon ya nuna gudunmu ya haura kilomita 800 a awa. Na yi lissafi: wunin da na yi daga Damagaram zuwa Yamai, awa ɗaya da ƴan mintoci ne a nan. Wallahi sai da na ji haushi.

Sai batun salla. Mun tashi bayan azahar. Agogona ya nuna shida, ya nuna takwas, rana tana nan a taga, don yamma muke yi muna bin ta. Na rasa la'asar zan yi ko isha. Dattijon ya ce in bi rana, in bar agogo. A zaune na yi, da ishara.

Mun sauka agogona na cewa tara da rabi na dare, na bangon filin jirgi na cewa uku da rabi na yamma. Da Yaya ya kira gida, kafin ma ta tambayi gajiya Inna ta ce, "Ka yi isha?" Na ce, "Inna, ko magariba ba ta yi ba." Ta ce in ba yayana wayar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.