Kashi da fitsari a Japananci: wace kalma, a gaban wa

Da na fara yi wa marasa lafiya tafinta a asibiti a Japan, kalma ɗaya na sani ta kashi, wato kuso, kuma a katun na tsince ta. Ita na fara jefarwa. Kuso ashar ce, ta wanda ya yi tuntuɓe ko ransa ya ɓaci, ba a kai ta gaban likita.

A gida unko ko unchi ake cewa. Unchi ta fi taushi, kamar yadda uwa ke ce wa ɗanta tutu. Fitsari kuma oshikko ne, babba ma zai faɗa ba a ga laifinsa ba, saɓanin shonben mai kaushi irin na hirar maza.

A asibiti na fi shan wuya. Can kashi ya koma ben, fitsari ya koma nyō, kamar yadda mu ma kan sauya zuwa bayan gida da bawali a gaban manya. Gwajin kashi kenben, na fitsari kennyō. Sau da yawa nas ba za ta ambaci abin da sunansa ba, sai ta ce "Otsūji wa arimashita ka?", ma'ana ko an samu zagayawa. Wanda bai san otsūji ba sai ya yi zuru. Amsar ba ta da yawa: arimashita in an yi, benpi in ciki ya ɗaure, geri in gudawa ce. A rubuce za ka ga daiben da shōben, babba (kashi) da ƙarami (fitsari), kuma haruffansu na farko, 大 da 小, su ne a jikin maɓallin kora ruwa a banɗaki.

Wurare biyu na ga baƙi suna zamewa. Fun kashin dabba ne, shi ake rubutawa a allunan da ke gargaɗin masu yawo da karnuka, don haka kada ka jingina shi ga mutum, ko da yake harafi ɗaya ne da kuso, 糞. Sai tsawon wasali: unkō mai dogon "o" zirga-zirgar jirgin ƙasa ko bas ce. Ka gajarta shi a tasha, ka tambayi ma'aikaci labarin kashi. Bahaushen da ke bambanta garin Kano da garin tuwo ba shi da uzuri a nan.

In kuwa ana cin abinci buƙata ta taso, otearai kawai nake cewa, wurin wanke hannu, in tashi.