Kada ka ɓoye wa makaranta inda kake kwana

A sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati, ko a Kano ne ko Gusau ko Maiduguri, da wuya a rasa ɗalibin da idan an tashi ba gida yake nufa ba. Wani a soron mutane yake kwana, wani a barandar masallaci, wani a cikin motar da aka ajiye a tasha. Wasu 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu, wasu ambaliya ce ta raba su da muhalli, irin ta Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Wasu kuma aure ne ya mutu, uwa ta fita, gidan uba ya ƙi zaunuwa. Da ku nake, ƙannena, domin na yi irin wannan zaman.

Mubi muka baro a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta shiga garin. Na sauka a Kano wurin ƙanin mahaifina, ya sa ni a aji huɗu na sakandare. Da haya ta gagare shi ya kwashe iyali ya koma ƙauye, ni kuma na ƙi binsa saboda karatu, na roƙi wani tela ya bar ni ina kwana a shagonsa. Sai ya tashi aiki nake shimfiɗa kwali tsakanin kekunan ɗinki, da asuba in naɗe. Yunifom ɗaya gare ni. A famfon masallaci nake wanke shi bayan isha'i, kuma a lokacin sanyi sau da yawa da danshinsa nake sa shi.

Duk wannan ban gaya wa kowa a makaranta ba, kuma nan ne na cuci kaina. Ina zuwa a makare, ina shan bulala a bakin ƙofa, ina gyangyaɗi a aji. Fom-mastanmu ya kira ni gefe ya ce, "Kai, me ke damunka ne?" Na ce, "Ba komai, Malam." Ya ce in zo da mahaifina, na ce ya yi tafiya. A ganina rufin asiri nake yi, don kada 'yan ajinmu su riƙa ce mini ɗan gudun hijira. Shi kuwa Malam ya sa ni a sahun malalata, kuma ban ga laifinsa ba, abin da na nuna masa ke nan.

Da na shiga aji biyar sai na ƙara da wani kuskuren. Na ce bari in ɗan ajiye karatu in yi dako a kasuwa, in na tara kuɗin ɗaki sai in dawo. Kuɗin dako a ciki yake ƙarewa. Kafin in waiwayo an rubuta kwalifayin, jarrabawar da gwamnatin Kano ke dubawa ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin NECO. Ina da ƙoƙarin da zan ci, amma ba na nan. Wanda ba shi da kuɗin ɗaki ina zai ga kuɗin NECO? Haka shekara ta wuce ni. In da hali, ku yi sana'ar bayan an tashi ko ranakun hutu, amma kada sunanku ya fita daga rajista, domin mayar da shi ya fi barinsa wuya.

Da na koma, malamin ba da shawara ne ya tsare ni har na faɗi gaskiya. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ba zan ruɗe ku ba: makarantar ba ta da ɗakin kwana, ba ta da wani asusu na irinmu. Mutane take da su, da takarda mai hatimi. Firinsifal ya kai maganata zaman ƙungiyar iyaye da malamai da na kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda mai unguwa da liman da 'yan kasuwar unguwa ke ciki. Aka yafe mini 'yan kuɗaɗen da ake karɓa. Wani dattijo a kwamitin ya ce in koma ɗakin samarin gidansa. Aka ba ni gefen durowa a ofishin malamai ina ajiye littattafai, don ɓera da ɗigar ruwa sun cinye mini na baya. Takardar da firinsifal ya sa wa hannu ita na kai wa masu taimako aka saurare ni, alhali da bakina kaɗai na je da an ce in dawo gobe. Duk wannan yana nan tun ranar da na ce wa Malam ba komai.

Don haka zaɓi malami ɗaya da ka yarda da shi, ba sai ajinku duka sun ji ba. Ka faɗi abin da kake buƙata da sunansa: wurin kwana, uzurin makara, kuɗin jarrabawa, ko a nema maka gurbi a makarantar kwana. "Ina cikin matsala" kawai ba ya sa kowa ya motsa. In na farko ya share ka, je wurin na biyu. Kuma ka sani ba bara kake yi ba. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ce shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro a Najeriya, ba ta ware wanda gidansu ya ƙone ba.

Ƙanwata, naki ya fi namu haɗari, domin masu cewa za su ba ki masauki ba duka ne don Allah suke yi ba. Malama za ki nema, kuma duk taimakon da aka ce sai a ɓoye, ko sai kin je ɗakin wani ke kaɗai, ki guje shi ko da malami ne ya faɗa. Ki tambaya ko makarantarku tana cikin shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 aka fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. Yana da tallafin kuɗi ga 'yan mata daga gidajen marasa ƙarfi, amma sai sunanki yana rajista.

Sai takardu. Da yawanmu mun gudo babu shaidar haihuwa, babu sakamakon makarantar baya. Ku faɗi haka tun ranar farko a san yadda za a yi. Ku yi NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, da wuri, tunda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, ku kuma tabbata sunan da ke kanta ya yi daidai da wanda ke rajistar makaranta, harafi da harafi. Duk takardar da ta shigo hannunku ku ɗauki hotonta a waya, asalin kuma ku ba malamin nan da kuka yarda da shi ya ajiye muku a ofis.