Abin da na gani wajen horar da 'yan unguwa kan damuwa da shaye-shaye

Ajin da na koyar a wata unguwa a Kano babu likita ko ɗaya a ciki. Akwai malamar Islamiyya, da ungozoma, da mai kyamis, da wani dattijo mai sasanta rigingimun maƙwabta, sai wani matashi da ya rabu da kodin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'a sama da miliyan 200. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi a 2018 kuma ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba zai ɗauke wannan nauyi shi kaɗai ba.

Na tsamo darussan daga mhGAP, littafin jagora kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, na rage su daidai wanda bai yi karatun asibiti ba. Alamomin ciwon nan da nan suka haddace.

Yin shiru ne ya ba su wuya. Mu nasiha a bakinmu take. Idan muka yi gwaji, matashin ya zauna a matsayin ɗan ƙwaya, kafin ya rufe baki dattijon ya soma: "Haba ɗana, ka ji tsoron Allah mana." Shi kuwa ya amsa da ladabi: "Baba, wannan na sha jin ta a gida da masallaci. Ba wanda ya taɓa tambayata me ke hana ni barci." Daga nan muka sa doka, sai mai magana ya gama, sannan a yi masa tambaya, nasiha ta jira.

Tambayar da kowa ya guje wa ita ce ko mutum yana tunanin kashe kansa. Malamar ta ce tana tsoron cusa masa abin a rai. Tambayar ba ta cusawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Wanda ya ce e, ba a barin sa shi kaɗai, asibiti za a kai shi a ranar.

Mai kyamis na fi sa wa ido, domin tuni ana kiran sa likita, kuma sunan yana masa daɗi. Na nanata masa cewa ba shi da hurumin ba da maganin ƙwaƙwalwa. Wanda ya daɗe yana shan roci ko diyazifam ma ba a ce masa ya daina dare ɗaya, zai iya kamuwa da jijjiga. Iyaye kuwa har yanzu wasu gidan mari suke nema, duk da mutanen da aka gano ɗaure da sarƙa a wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, don haka sai da muka koyi yadda ake lallashin uba ya ajiye zancen sarƙa.

Cikin 'yan ajin, waɗanda suka ɗore su ne masu zuwa zaman da muke yi duk wata da wata ma'aikaciyar jinya, kowa ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da kama suna ba. Sauran kuwa, kuɗin mota ne ya kayar da su.