Asubar da tashoshinmu suka sarƙe

Makon nan na ajiye aiki, bayan shekara uku ina kula da eriyoyin VSAT, wato ƙananan tashoshin da ke sadarwa ta tauraron ɗan'adam, daga Damagaram har Tanut da Gure. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Da shef ya ƙara tashoshi a kan hanyar da dama ta cika, ƙorafi ya yi yawa, rezo ya yi nauyi. Ya kira ni ofis ya ce, "Malam, a gyara kafin gobe." Sai na sa aka rage jiran da tasha ke yi kafin ta sake aika saƙon da ya ɓace, ina zaton sauri zai ƙaru. Da asuba komai ya tsaya cik. Ina gaban kwamfuta, shayi ya huce a kofi, ina kallon karo tsakanin saƙonnin tashoshi yana hawa, saƙon da ke isa yana raguwa. Wata ungozoma ta yi ta kira daga ƙauye, rahotonta ya ƙi tafiya.

Kuma abin sananne ne. Tsarin da muke kai, ALOHA mai gurabe (kowace tasha ta jefa saƙonta a gurbin lokaci ba tare da jiran izini ba), wanda Lawrence Roberts ya kawo a 1972 bisa aikin Norman Abramson na Jami'ar Hawai, ba ya cin moriyar fiye da kashi 37 cikin ɗari na ƙarfin hanyar. Tasha ba ta iya kasa kunne ta ji ko wata na aikawa, don tauraron yana nisan kilomita 35,786. Zuwa da dawowar sigina kaɗai kusan rubu'in daƙiƙa ne. In kowa ya yi gaggawar maimaitawa, sai ya zama kamar guga goma a rijiya ɗaya: igiyoyi su sarƙe, ba mai ɗebo ruwa.

Kuskurena ne, na amsa. Amma tun farko na gaya masa hanyar ba za ta ɗauka ba, a taro kuwa bai ko ambata ba.

Wata biyu ina nazarin CRDSA, wani tsarin warware karo wanda injiniyoyin hukumar sararin samaniya ta Turai suka fitar a 2007. Kowace tasha ta aika kwafi biyu na saƙonta a gurabe daban, kowane ɗauke da alamar inda ɗan'uwansa yake. Babbar tasha ta karanta wanda ya tsira, ta goge ɗan'uwan nasa daga wurin karon, sai saƙon da ya yi karo da shi ya fito fili. Yana kaiwa wajen kashi 55. Ashe na'urorinmu, masu bin ƙa'idar sadarwar tauraro ta DVB-RCS2, suna da shi. Na yi ta roƙo har aka kunna, rezo ya saki. Rahoton da ya tafi Yamai, sunan shef ne a kai.

Na kuma koyi neman umarni a rubuce, da guje wa sauya saiti da dare.

Ƙanena da za ka gaji kujerar: littafin saiti yana durowa ta biyu, duk abin da na taɓa yana ciki da kwanan watansa.