Baƙar mota da ƙurar Jidda

Baƙar mota ba ta rufa wa mai ita asiri. Farar Camry za ta yi sati ba ta ga ruwa ba, duk wanda ya hango ta ya ce fes take. Baƙa kuwa, ka wanke ta bayan sallar asuba, kafin ka kai shingen Shumaisi da ke hanyar Jidda zuwa Makka ta yi furu-furu. Ni tuƙi ne sana'ata, ina ɗaukar masu Umara daga filin jirgin Jidda zuwa Makka, wani lokaci har Madina, kuma manyan alhazanmu na Kano da Abuja da Yamai babu abin da suke so irin baƙar GMC Yukon, wadda mutanen nan ke ce wa Jims. Motar ta maigidana ce, amma idan jikinta ya dusashe ni za a tambaya.

Abin da ya fi damun mai baƙar mota ba ƙurar ba ce, ita ruwa na tafiya da ita. Ka tsaya gaban bonet da tsakar rana, ko da dare a ƙarƙashin fitilun gidan mai, za ka ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Mutane da yawa sun ɗauka don ana goge mota a zagaye ne. Gaskiyar ita ce ƙananan kwarzane ne birjik, kowanne ya nufi inda ya ga dama, amma waɗanda suka gitta wa hasken ne kawai ke walƙiya a idonka, shi ya sa suke fitowa da'ira. Ka matsa gefe, da'irar ta biyo ka. Farar mota ma tana da su, sai dai kwarzane fari-fari yake nunawa, a kan fari ya ɓace, a kan baƙi kuwa ya yi ta shela.

A saman launin motar akwai wani shafi garai-garai da masu fenti ke kira kiliya, shi ne ke ba da sheƙi, kuma a jikinsa duk wannan ɓarnar take. Fentin kamfani gaba ɗaya yakan kama daga maikuron 100 zuwa 150, kiliya a ciki ba ta wuce 35 zuwa 50 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wato bai fi rabin kaurin takardar rubutu ba. A kan wannan ɗan abin ake ta dirza tsumma kullum.

Ƙurar ƙasar nan kuma ba gari ba ce, yashi ne mai laushi, ƙwayoyinsa sun fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa busasshen ƙyalle ko wannan tsintsiyar gashin da direbobi ke ajiyewa a but ya share mota, to ya ja yashi ne a kan kiliya. Haka injin wanki mai manyan burushi, wanda ya gama da motar da ta fito daga sahara sannan ya karɓi taka. Sai kuma wankin bakin titi, wanda yaranmu da yawa na unguwannin Sabil da Karantina a Jidda da shi suke cin abinci: bokiti ɗaya, tsumma ɗaya, a wanke taya a dawo da shi kan ƙofa. Ban ga laifinsu ba. Mai mota ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba, kuma yana so kafin ya fito daga masallaci an gama.

Akwai yaron da ke wanke mana tamu, ɗan wata 'yar'uwata ce. Na saya masa bokiti biyu da safar hannu ta maikurofaiba da sabulun mota. Na ce ya fara sakar mata ruwa da tiyo har yashin ya sauka kafin hannunsa ya taɓa ta, ya fara daga rufi ya gangaro, duk ya wanke ƙofa ɗaya ya ɗauraye safar a bokitin ruwan zalla sannan ya tsoma a na kumfa. Taya da ƙasan ƙofofi, sosonsu daban. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan ai sai in yini a mota ɗaya." Da ya gama na ce ya sa hannu a gindin bokitin ɗauraya. Ya ɗebo yashi cikin tafinsa, ya murza da yatsa yana jin ƙaras-ƙaras, bai sake cewa komai ba. Omo da sabulun wanke kwano na hana, domin suna cinye kakin da aka shafa.

Idan zanen ya riga ya zauna, maganinsa gogewa da inji, abin da ake rubutawa talmi'i a ƙofar shaguna. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, don ba su san me gogewar ke yi ba. Ba ta cike kwarzane. Kiliyar da ke kewaye da shi take ci har sai ta yi daidai da gindinsa. Kowace gogewa ragi ce daga wancan rabin takardar, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai kai motarsa talmi'i duk bayan wata biyu, wata rana zai ga gefen bonet ya yi hazo, daga nan sai sabon fenti, kuma motar da aka yi wa feshi farashinta faɗuwa yake a kasuwa, tunda masu saye da na'urar auna kauri suke zuwa.

Akwai kuma na arha, wanda wani shago ya taɓa yi wa motar maigida lokacin ba na gari. Sun shafa mai mai cike ramuka, ta fito tana ɗaukar ido, bayan wanki kaɗan zanen ya dawo, har da ƙarin wasu layuka masu rawa a rana da injinsu mai juyi ɗaya ya bari. Gane irin wannan ba wuya: ka ce a goge wuri ɗaya da sifirit da aka sirka da ruwa, ka haska fitilar waya. Idan cikewa aka yi, nan take za ta tona.

Wanda ya gyara mana ita wani dattijo ne a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, haifaffen Mai Wurno ta Sudan, Hausarsa rabi Larabci. Na zauna na kalli aikinsa daga farko. Bai taɓa inji ba sai da ya wanke ta, ya bi jikinta da wata laka ta musamman yana fesa ruwan santsi, ta kwashe ƙwalta da tsatsar da suka maƙale, har ka shafa ka ji sumul. Ya ɗora na'ura ya auna kowane fanni. Ya sa farce a wani dogon kwarzane da ke ƙofar baya, farcen ya tsaya a ciki, sai ya ce, "Ɗana, wannan ka bar shi. In na bi shi sai na cinye ƙofar." Ya rage masa kaifi kawai. Daga nan ya manna tef a gefuna da robobi, saboda fenti ya fi siranta a kan tudun gefe, ya keɓe wani ɗan fili a bonet da bai wuce rabin mita ba, ya fara da soso mafi laushi da man goge mafi sauƙi. Ɗigo uku ko huɗu, injin mai juyi biyu wanda ba ya ƙona fenti da wuri, hannu na tafiya a hankali, a tsaye sannan a kwance. Ya share, ya haska. Sai da ya ga sauƙin bai isa ba ya ƙara mataki ɗaya. Da ya ɓare tef ɗin, ɓangare ɗaya toka-toka, ɗayan baƙi ƙirin har ina ganin wayoyin rufin shagon a ciki. Duk a inuwa ya yi, bonet da sanyinsa.

Sai kariya. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil, babu abin da ya kai shi fito da zurfin baƙi, amma a zafin da baƙin bonet ke haura digiri 70 a rani, 'yan makonni ne ya gama. Na roba da ake haɗawa a masana'anta yakan kai watanni. Nano siramik, wani ruwan shafi da ke bushewa ya yi tauri a kan fenti, shi kowa ke talla yanzu, kuma yana da amfani: ƙura ba ta kama shi sosai, ruwa na gangarewa, wanki ya yi sauƙi, yana kai shekaru idan an kula. Amma kaurinsa maikuron ɗaya ko biyu ne, ba ya tare yashi. Wannan 9H da suke bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne kawai, ba yana nufin yashi ba zai kwarzane shi ba. Kuma duk zanen da aka shafa shi a kai ya zauna ke nan a ƙarƙashinsa, don haka gogewa ce farko. Abin da ke tare tsakuwa da gaske shi ne ledar kariya, PPF, mai kaurin kusan maikuron 200, wadda ƙananan kwarzane ke shafewa a jikinta idan ta ji zafi. Tana da tsada. Mu gaba kawai muka sa wa, bamba da bonet da madubai, don su ne ke karɓar yashin Hanyar Hijira idan iska ta taso tsakanin Makka da Madina.

Ko an shafa siramik, abu biyu ne ba ya raba mota da su. Ruwan tanka idan ya bushe a kan fenti mai zafi yana barin fararen ɗige-ɗige da ke cin kiliya, shi ya sa nake tsane ta nan take da babban tawul mai laushi, in shimfiɗa in ja a hankali ba tare da dannawa ba. Sai kashin tattabarun Makka. Kwalbar ruwa da ƙyalle ba sa barin aljihun ƙofa, ina gani in jiƙa shi ya yi laushi in ɗauke, domin yini ɗaya a rana ya ishe shi ya bar tambari.

Rigar mota kuwa, wadda maigida ya dage a riƙa sa mata, sai ranar da aka wanke nake yarda. A lulluɓe mota da ƙurarta, iskar teku ta kwana tana kaɗa rigar, da safe ka duba kafaɗun bonet da gefen rufi ka ga aikin da ta yi.