Yadda na yi aiki da tsofaffin ma'aikatan Peugeot a garejina

Duk wanda ya yi kanikanci a Jos kafin shekarar 2000 ya san abincinmu a jikin Peugeot yake. Motocin haya masu zuwa Kano da Bauchi da Maiduguri kusan duk 504 ne, na gwamnati ma haka. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa su a 1975, dubban mutane na ci daga gare shi.

Durƙushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan haɗi kuwa daga Faransa ake shigo da yawancinsu, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yan Kwatano suka cika kasuwa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta koma bai wa jami'anta kuɗi maimakon saya musu mota, babban mai ciniki ya tafi ke nan. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, a 2012 AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da aka kasa biyan bankuna, ta karɓe shi saboda bashi.

A cikin ma'aikatan da kamfanin ya rage, biyu sun zo garejina a Farin Gada neman aiki. Ɗaya dattijo ne, ya girme ni sosai. Na tambaye shi abin da ya iya, ya ce, "Maigida, ni ƙofa nake ɗaurawa." Na ce, "Baba, inji fa?" Ya girgiza kai. Ƙuruciyarsa duka a kan layi ɗaya ta ƙare: mota ta iso gabansa, ya ɗaura ƙofa, ya daidaita, ta wuce. Yarana suka soma gunaguni, wai an kawo wanda bai taɓa kwance kafireto ba.

Ban sa shi a ƙarƙashin kowane yaro ba, don mai furfura ba zai jure a aike shi ɗauko sifana ba. Na haɗa shi da mai gyaran jikin mota, na bar musu motocin da suka yi hatsari. Nan aka ga aiki. Ƙofar Golf ko Corolla da ta fito daga hannunsa da yatsa ɗaya ake rufe ta, ba ƙara, ba iska. Shi ya matsa mini na sayi sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, domin mu da ƙarfin damtse muke ɗaure noti har ya tsinke. Shi ya kawo al'adar rubuta abin da aka yi wa kowace mota a takarda kafin ta fita, kuma rigimarmu da masu mota ta ragu ƙwarai. Ilimin da kamfani ya bar masa ke nan, kuma ya fi abin da na zata daraja.

Wurin da ya fi wuya shi ne biya. Mutumin da ya saba da albashi da asibitin ma'aikata ba ya iya tsara gidansa da samun yau akwai, gobe babu. Dole na yanka masa wani abu tsayayye a ƙarshen wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sannan kason aiki a kai. Duk mai gareji da zai ɗauki irinsu ya fara daidaita wannan magana tun ranar farko.

Na biyun bai zauna ba, har yau abin na damuna. Yana da ƙananan yara, bai iya jiran ya koyi sabon hannu ba. Ya zuba ragowar kuɗin sallamarsa a babura biyu na haya, ba a jima ba gwamnatin Filato ta hana acaba a Jos da Bukuru. Ya sayar da su da asara, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu noman dankali.