Darasin gada da adireshin IP a kan rauta

Babban abin da aikin rauta (router, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da intanet) ya koya mini shi ne, da zarar ƙofa (inda ake soka kebul a rautar) ta shiga gada (bridge, wato haɗa ƙofofi su zama hanyar sadarwa ɗaya), adireshin IP ya tashi daga kanta ya koma kan gadar. A Cisco, ƙofofin da aka sa wa bridge-group 1 adireshin MAC (lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita) kawai suke dubawa. IP yana zama a kan BVI1, wato ƙofar gadar da ake ƙirƙira a cikin saiti, kuma dole lambarsa ta zo daidai da ta gadar. Sai an rubuta umarnin bridge irb, da bridge 1 protocol ieee, da bridge 1 route ip. Na ƙarshen nan aka fi mantawa: kwamfutocin ofis su ga juna lafiya lau, amma ba wadda za ta fita intanet.

Wahalar tana wajen mayar da adireshin kan gadar. Kana zaune a Wuse, rautar tana Gwagwalada, ka shiga da SSH (hanyar sarrafa na'ura daga nesa) ta ƙofar da za ka sa cikin gada. Cisco ba ta yarda adireshi ɗaya ya zauna a ƙofofi biyu masu aiki, dole sai ka cire shi tukuna. Ka buga no ip address, allo ya tsaya cak. Ba abin da ya lalace, hanyar da ka shigo ce ka toshe da hannunka. Sai ɗaukar kebul ɗin konsol (mai haɗa kwamfuta da rautar kai tsaye) a kama hanya, ma'aikata na zaune ba intanet. Ogan da ya matsa a yi aikin da tsakar rana, wai ai minti biyu ne, ba shi za a kira ba, kai za a kira.

Kafin ka taɓa komai, buga reload in 10, kada ka adana. In ka kulle kanka a waje, bayan minti 10 rautar za ta tashi da tsohon saiti. In aiki ya yi kyau, reload cancel don soke shi, sannan write memory don adanawa kafin a ɗauke wuta. Mafi kyau ma ka zuba umarnin duka a fayil ɗaya, ka kwafa shi cikin running-config (saitin da ke aiki a lokacin) lokaci guda. A rautar MikroTik, Safe Mode ne ke mayar da tsohon saiti in ka kulle kanka a waje, kuma can ma adireshi da DHCP (mai raba wa kwamfutoci adireshi) a kan gada ake ɗora su.

Kada ka kashe STP (tsarin da ke hana saƙo yin ta zagaye a gada) don gaggawa. Firam ɗin Ethernet (ƙunshin saƙon da ke bin kebul) ba shi da TTL, wato wa'adin da ke tsayar da shi, kebul ɗaya da ya zagayo ya isa ya durƙusar da ofis gaba ɗaya. Daƙiƙa 30 da ƙofa ke jira a tsarin STP na 802.1D ba matsala ba ce, ka jira.

A rautar Cisco samfurin ISR 4000 kuwa BDI ake amfani da shi a madadin BVI, tare da bridge-domain, tsohon saitin BVI ba zai shiga ba.